Lu'ulu'u Mai Launi: Wa Ke Da Dutsen, Wa Ke Da Sunan?



A ranar 7 ga Oktoban 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya fito da wani zobe a Hong Kong. Dutsen da ke kansa lu'ulu'u ne, wanda wasunmu suka fi sani da daimon. Launinsa ruwan hoda, nauyinsa karat 11.15, wato giram biyu da 'yar ɗoriya. Dunƙulen Maggi ɗaya ya fi shi nauyi. Aka yi ta tayi har aka tsaya a dala miliyan 57.7. Sunan dutsen Williamson Pink Star, an kuma haƙo shi ne a Mwadui da ke yankin Shinyanga a Tanzaniya.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da yake fara cewa shi ne masu kuɗi sun zautu. Ni ban ɗauke shi zautuwa ba. Ƙarancin irin wannan dutse gaskiya ne, haka Allah ya yi shi, ba ɗan kasuwar da ya ƙago. Sai dai ƙaranci shi kaɗai bai taɓa kai dutse dala miliyan hamsin ba. Abubuwa uku ne ke kai shi can: suna, da takardar shaida, da zauren gwanjo. Dukansu kuwa suna nesa da ramin da aka tono dutsen, kuma wannan nisan shi ne abin da ya dame ni.

Kafin mu yi nisa, a gyara wani ruɗani. Karat ɗin da matanmu suka sani a gwal, 18 ko 21 ko 22, awon tsarkin gwal ne. Karat na lu'ulu'u kuwa awon nauyi ne, karat biyar ke yin giram ɗaya.

Lu'ulu'u kabon ne zalla, sinadarin nan da ke cikin gawayi da bakin fensir. Zafi da matsi na cikin ƙasa, a zurfin kilomita 150 zuwa 200, su ke jera ƙwayoyinsa har ya zama dutsen da ya fi kowane dutse tauri. In jerin ya tafi daidai ba abin da ya kutsa ciki, sai ya fito garau kamar ruwa. Launi yana shigowa ne idan an samu baƙo ko an samu targaɗe. Naitirojin in ya shiga, dutsen ya zama rawaya. Boron in ya shiga, ko da 'yan ƙwayoyi ne cikin miliyan, ya zama shuɗi. Kore kuwa na samuwa ne idan dutsen ya daɗe kwance kusa da ma'adinai masu fitar da tiriri, irin su yuraniyom, kuma sau da yawa koren a fata kawai yake tsayawa, mai yanka na gogewa ya tafi. Shi ya sa Dresden Green mai karat 41, wanda launinsa ya ratsa har ciki, ya zama abin zuwa kallo a Jamus. Ruwan hoda da ja su ne abin mamaki, domin ba wani sinadari da ya shiga cikinsu. Matsi ne ya murɗe jerin ƙwayoyin bayan dutsen ya gama haɗuwa, murɗewar ta sauya yadda yake haɗiye haske. Shuɗin ma yana da nasa labarin. A 2018 masu bincike na cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, suka wallafa a mujallar Nature cewa shuɗin lu'ulu'u na haɗuwa ne a zurfin da ya kai kilomita 660 ko fiye, kuma alamu sun nuna boron ɗinsa daga ƙasan teku ya nutse zuwa can.

Ita GIA ɗin ta ƙiyasta cewa cikin lu'ulu'u 10,000, ɗaya ne ke da launin da ya isa a kira shi mai launi. Cikin wannan ɗayan ma mafi yawa rawaya ne da ruwan ƙasa. Ja kuwa sai dai a ji labari. Moussaieff Red, wanda aka samo a Brazil, shi ne aka fi ambata a matsayin mafi girman ja tsantsa da cibiyar ta auna, kuma duka-duka karat 5.11 ne, giram ɗaya ke nan da ɗigo.

A nan ne mai launi ya rabu da fari. Farin lu'ulu'u ba shi da ƙarancin da aka sa mu yarda yana da shi. Ana haƙo sama da karat miliyan 100 na lu'ulu'u a duniya duk shekara. Abin da ya riƙe farashinsa a ƙarni na 20 shi ne kamfanin De Beers, wanda ya kame kusan duk cinikin ɗanyen dutse, yana sakin abin da ya ga dama ya ɓoye saura. A 1947 kamfanin tallar da yake yi wa aiki a Amurka ya ƙago taken nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne, aka cusa wa samarin Amurka cewa ba a neman aure sai da zobensa. Hikimar taken ita ce abin da yake na har abada ba a sayar da shi, saboda haka mai saye ba zai koma kasuwa ya gano abin da zoben zai yi masa ba. Uwar da ta ajiye wa 'yarta sarƙar gwal ta san ko yaushe ta matsu za ta kai a ɗora a sikeli a ba ta kuɗin ranar. Mai ƙaramin farin daimon na kanti ba shi da wannan gata, in ya mayar sai ya yi asara mai yawa.

Wani abin dariya a wannan kasuwa: ana auna farin lu'ulu'u da haruffa daga D zuwa Z. D shi ne fari tas, kuma duk sanda aka gangara, rawaya na ƙaruwa, kuɗi na raguwa. Amma da rawayar ta wuce Z sai ma'auni ya juye, a ce ai wannan mai launi ne, kuɗi ya fara hawa. Naitirojin ɗin dai ɗaya ne. Kaɗan aibi, da yawa ado. Wanda ya ja layin a Z mutum ne, a ofis.

In kana son ka ga yadda suna ke aiki a wannan harka, dubi mahaƙar Argyle da ke arewa maso yammacin Ostareliya, mallakar kamfanin Rio Tinto. Ta fara aiki a 1983, aka rufe ta a Nuwamban 2020 bayan ta fitar da karat sama da miliyan 865. An san ta da ruwan hoda, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan hodan duniya daga can yake fitowa. Amma ruwan hodan bai kai kashi ɗaya cikin 100 na abin da take fitarwa ba. Mafi yawan duwatsunta ruwan ƙasa ne, ƙanana, irin waɗanda a da ake tura wa masana'antu su yi bakin injin yanka da na huda. Ba macen da ke son a ce zobenta ruwan ƙasa ne. Me masu Argyle suka yi? Suka kai duwatsun Indiya aka yanka da araha, suka raɗa musu sunayen giyar Faransa masu tsada, champagne da cognac, suka zuba kuɗi a talla. Daga baya kamfanin Le Vian na Amurka ya yi wa nasa rajista da sunan Chocolate Diamonds. Dutsen bai sauya ba ko kaɗan, amma ya tashi daga bakin injin huda ya koma wuyan mata. Haka aka yi da wani ƙaton ruwan ƙasa da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1985. Ya yi shekaru ana kiransa ruwan ƙasa marar suna. Da aka miƙa shi ga Sarki Bhumibol na Thailand a 1997, sai ya zama Golden Jubilee, mai karat 545.67. Hausawa dai sun ce suna linzami ne.

Ruwan hodan kuwa wata dabara suka yi masa. Duk shekara sai su ware mafi kyau, 'yan gomomi da ba su fi cikin tafin hannu ba, su zaga da su manyan birane, ba mai gani sai wanda aka gayyata, kowa ya rubuta tayinsa a rufe. Suka riƙa zana wa kowane dutse lamba da hasken leza, suna ba shi takardar Argyle. Yau an rufe ramin, amma dutsen da ke da takardar Argyle ya fi ɗan uwansa mai launi iri ɗaya daga wata ƙasa kuɗi. Ostareliya ta sayar da dutse, ta kuma sayar da sunan wurin da ya fito. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labari ma haja ne. Shuɗin lu'ulu'un da ya fi kowanne suna shi ne Hope, mai karat 45.52. Daga Indiya ya fito, ɗan kasuwar Faransa Tavernier ya sayar wa Sarki Louis na 14 a 1668, aka sace shi a 1792 lokacin juyin juya hali, ya sake ɓullowa a Landan an rage masa girma. A farkon ƙarni na 20 jaridu suka yi ta yaɗa cewa dutsen na da la'ana, duk wanda ya mallake shi sai masifa ta same shi. Pierre Cartier ya ƙara wa labarin gishiri sa'ad da yake tallata wa wata attajirar Amurka, Evalyn Walsh McLean, wadda ta saya a 1911. Ka ga ɗan kasuwa na sayar da kaya da labarin cewa kayan na kashe mutane, kuma ciniki ya faɗa. A 1958 Harry Winston ya ba da shi kyauta ga gidan tarihi na Smithsonian a Washington, ya aika shi ta gidan waya cikin ƙunshin takarda. Har yau mutane na layi su gan shi, kuma rabin abin da ya kawo su la'anar ce.

Sai takardar shaida, wadda a ganina ita ce ta fi komai nauyi a yanzu. Tun 1954 kamfanin General Electric ya haɗa lu'ulu'u a ɗakin gwaji. Yau ana yin sa cikin 'yan makonni, fari da shuɗi da ruwan hoda. Kada a ɗauka kwalba ce ko jabu, lu'ulu'u ne sosai, kabon ɗaya, tauri ɗaya, ƙyalli ɗaya. Ido ba ya bambancewa, sai na'ura. A 2018 De Beers da kansa ya buɗe kamfanin Lightbox yana sayar da na ɗakin gwaji, har da ruwan hoda da shuɗi, a dala 800 kowane karat. Williamson Pink Star kuwa ya tashi a sama da dala miliyan 5 kowane karat. Ban da haka, ana iya ɗaukar na ƙasa marar kyan launi a gasa shi ko a haska masa tiriri ya sauya launi. To me ya raba dala 800 da dala miliyan 5? Layi ɗaya ne a takardar GIA da ke cewa dutsen na ƙasa ne, launinsa kuma na halitta ne. A kore ma, wani lokaci cibiyar kan rubuta cewa ba a iya tantance asalin launin ba, domin tiririn ƙasa da na ɗakin gwaji tabo iri ɗaya suke bari. Wannan layi kaɗai ya isa ya kayar da farashi. GIA tana da rassa a Gaborone da Johannesburg, amma cibiya ce ta Amurka, hedkwatarta na Kalifoniya, kuma hatiminta ne duniya ta yarda da shi.

Yanzu mu koma Mwadui mu yi lissafi. Ɗanyen dutsen da aka yanka Williamson Pink Star daga cikinsa karat 32.32 ne. Kamfanin Petra Diamonds, wanda ke riƙe da mahaƙar a lokacin tare da gwamnatin Tanzaniya mai kashi 25 cikin 100, ya sayar da shi a ƙarshen 2021 kan dala miliyan 13.8. Kafin shekara ta zagayo ya koma dala miliyan 57.7. Sama da dala miliyan 40 suka ƙaru a hanya tsakanin Mwadui da Hong Kong, kuma ba ko sisi a ciki da ya bi ta Shinyanga.

Dole a yi wa masu yanka adalci. Aikinsu kasada ce. Kashi biyu cikin uku na dutsen ya tafi a ƙura, kuma kuskure ɗaya na iya tsaga shi ko ya dusashe launin. Ba kuma kullum ribar ke ninkawa huɗu ba. Ɗanyen Blue Moon, wanda aka haƙo a Cullinan ta Afirka ta Kudu a 2014, an sayar da shi dala miliyan 25.6, yankakken ya tashi a 48.4 a Geneva a 2015, inda attajirin Hong Kong Joseph Lau ya saya wa 'yarsa mai shekara bakwai. Wani shuɗin na Cullinan an sayi ɗanyensa sama da dala miliyan 40 a 2021, aka sayar da shi 57.5 a 2022, kuma a cikin wannan har da la'adar masu gwanjo. Pink Star mai karat 59.60 ma an buga masa ƙararrawa a dala miliyan 83 a 2013, mai sayen ya kasa biya, Sotheby's ta rungumi kayanta har 2017 kafin ta sayar a 71.2. Duk na yarda da wannan. Amma kasadar da ake biya da miliyoyin daloli ita ce ta mai yanka da mai gwanjo. Akwai wata kasadar da ba ta shiga lissafi.

Wata ɗaya cif bayan gwanjon Hong Kong, ranar 7 ga Nuwamban 2022, bangon madatsar da ake tara lakar mahaƙar Williamson ya fashe, laka ta malale gidaje da gonakin mutanen da ke kusa, aka dakatar da aiki na watanni. Shekara guda kafin nan, a 2021, Petra ta amince ta biya fam miliyan 4.3 don sasanta ƙarar da mutum 71 suka shigar a Ingila kan zargin masu gadin mahaƙar sun harbe ko sun lakaɗa wa mutane duka, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A cikin kuɗin har da na lauyoyi da na ayyukan raya al'umma. In ka juya su zuwa dala, kuɗin karat ɗaya ne da ɗan wani abu na zoben nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dubi sunayen kuma. Williamson sunan wani masanin ma'adinai ne ɗan Kanada da ya gano wurin a 1940, wanda ya ba Gimbiya Elizabeth ta Ingila wani ruwan hoda kyautar aure a 1947. Hope sunan masu banki ne a Landan. Oppenheimer Blue, Tiffany Yellow, Moussaieff Red, Blue Moon of Josephine, duk sunayen waɗanda suka saya ne ko 'ya'yansu. Tiffany Yellow daga Kimberley ta Afirka ta Kudu ya fito a 1877, amma duniya ta san shi ne da sunan kanti a New York. Wanda ya karanta jerin lu'ulu'un da suka fi tsada a duniya ba zai gane cewa yawancinsu daga Afirka da Indiya suka fito ba.

Wani zai ce duk wannan wasan attajirai ne, me ya shafi talaka? Ya shafe shi. Botswana ta gina makarantunta da asibitocinta da kuɗin lu'ulu'u, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa waje. Na ɗakin gwaji ya karya farashin fari, har De Beers ta sanar a 2025 za ta rufe Lightbox saboda kayan sun yi arahar da ba riba. Tattalin arzikin Botswana ya ja baya a 2024, a Agustan 2025 kuma Shugaba Duma Boko ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda ƙarancin magani. Abin da budurwa a Amurka ta zaɓa ta sa a yatsa yana taɓa ɗakin magani a Gaborone.

Ba ina cewa mai launi zai ciyar da ƙasa ba ne. Dutsen da ke fitowa sau ɗaya a shekaru ba a tsara kasafin kuɗi da shi. Abin da nake cewa shi ne kasuwar mai launi ta nuna a fili abin da masu kuɗi ke biya: asali. Na'ura na iya yin shuɗi, ba ta iya yin shuɗin da ya fito daga Orapa. Wannan asalin shi ne hajar da ta rage a hannun ƙasashen da ke da ramukan, kuma ita ce suke bayarwa kyauta duk sanda suka sayar da ɗanyen dutse suka bar wani ya raɗa masa suna. Argyle ta gane haka tun shekarun 1980.

Botswana ta fara ganewa ita ma. A 2013 ta sa De Beers ta ɗauke cinikin ɗanyen dutse daga Landan ta dawo da shi Gaborone. Ta kafa kamfaninta, Okavango Diamond Company, mai yin gwanjon kansa, kuma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Fabrairun 2025 ta ɗaga rabonsa daga kashi 25 zuwa 30, da alkawarin ya ci gaba da hawa har rabi. Da aka samu wani ƙaton fari a Karowe a 2015, gasa aka sa wa 'yan ƙasa su raɗa masa suna, aka zaɓi Lesedi La Rona, wato haskenmu da harshen Setswana. Da shuɗi mai karat 41.11 ya fito a Orapa a 2018, kamfanin gwamnati bai sayar da ɗanyen ba. Ya sa aka yanka shi ya koma karat 20.46, ya kira shi Okavango Blue, ya bayyana shi a Gaborone a 2019, sannan ya ba da aronsa ga gidan tarihi a New York a 2021 da sunan Botswana a jikinsa. Angola ma da ruwan hoda mai karat 170 ya fito a 2022, sunan mahaƙar aka sa masa, Lulo Rose.

Da saura dai. A 2019 an haƙo wani ruwan hoda a Damtshaa, ita ma a Botswana, ba nisa da Orapa. Ya bi tsohuwar hanya, aka sayar da ɗanyen, aka yanka shi ya koma karat 10.57, Sotheby's ta buga masa ƙararrawa a New York a Yunin 2023 kan dala miliyan 34.8. Sunan da aka sayar da shi Eternal Pink.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.